Kilo 2 Ko Kilo 13? Lissafin Sharar Ƙaramin Asibiti

Wanda yake son ya san gaskiyar ƙaramin asibiti kada ya tsaya a ƙofar gaba, inda aka shafa fenti aka kafa allo mai ɗauke da sunan wanda ya buɗe ginin. Ya zagaya ta baya. A can zai tarar da ramin da ake cinna wa wuta da yamma, ko tsohuwar ganga da hayaƙi ya mayar baƙa ƙirin, ko kuwa tsibin shara kawai a jikin katanga, awaki na tona shi. In ya sa sanda ya motsa tokar, zai ga allurai kwance a ciki, wuta ta lashe robar ta bar ƙarfen da tsininsa. Na sha ganin haka, kuma ba a ƙauye kaɗai ba. Duk sa'ad da na tayar da maganar, amsa ɗaya nake samu: ba mu da injin ƙona shara, gwamnati ba ta kawo ba. Da na zauna da alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara a kan wannan batu, sai na ga akwai nisa sosai kafin a zo maganar inji.

Mu fara da 85 da 15. A ƙididdigar hukumar, cikin duk sharar da aikin kiwon lafiya yake fitarwa, kusan kashi 85 cikin 100 irin ta gida ce: kwalin magani, tsohon kati, ledar fiya wata, ɓawon ayaba da ragowar abincin masu jinya, ƙurar da aka share a baranda. Ragowar kashi 15 ɗin ne ke da haɗari. Kusan kashi 10 daga ciki shi ne mai ɗauke da ƙwayar cuta, wato auduga da bandeji da safar hannu da suka taɓa jini ko ruwan jiki, sai kusan kashi 5 na sinadarai da magungunan da suka lalace da danginsu. Babban littafin jagora da hukumar ta sabunta a 2014 ya buɗa lissafin kaɗan, ya ce mai haɗarin yakan kama daga kashi 10 zuwa 25, gwargwadon irin aikin da ake yi a wurin. Ɗakin shan magani da ba a tiyata, ba a ƙarin jini, hankali ma zai ba ka cewa ba shi ne zai kai 25 ba.

Don a ji nauyin wannan rabo a hannu, ga wani adadin. Hukumar ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kowane gadon asibiti yana fitar da kimanin giram 200 na shara mai haɗari a rana, a ƙasashe masu arziki kuwa yakan kai rabin kilo. A ƙaddara ga asibiti mai gado 10. Kilo 2 ke nan a yini, abin da bai wuce nauyin tiya ɗaya ta hatsi ba. In kilo 2 ɗin nan shi ne kashi 15, to duka sharar wurin ta kai kilo 13 da ɗoriya. Ga inda gizo ke saƙar: da zarar an jefa auduga mai jini guda ɗaya cikin kwandon takardu, ko an cusa allura a ledar ɓawon lemo, ƙa'ida ta ce kwandon gaba ɗaya ya zama mai haɗari, domin babu mai sa hannu ya tsince. Kilo 2 ya koma 13. A shekara, abin da ya kamata ya tsaya a kilo 730 ya haura zuwa kusan kilo 4,900. An ninka wa kai aiki fiye da sau shida, an ninka kananzirin ƙonawa, an ninka hayaƙi, an ninka faɗin rami, duk a cikin daƙiƙar da hannun nas ya miƙa ga bokitin da ya fi kusa da ita.

Kada kuma wani ya ga 200 da 500 ya yi murna cewa tamu ta fi sauƙi. Hukumar da kanta ta biyo bayan adadin da gargaɗi, ta ce a ƙasashe marasa ƙarfi sau da yawa ba a raba sharar, saboda haka ainihin abin da ke da haɗari ya zarce abin da aka rubuta nesa ba kusa ba. Wato 200 ɗin adadi ne na wurin da aka yi abin da ya dace.

To mene ne abin da ya dace? Ma'aunin da hukumar da asusun UNICEF suke auna asibitoci da shi bai da wani tsauri. Sharaɗi biyu ne. A raba shara aƙalla gida uku a ɗakin da ake duba marasa lafiya, sannan a kashe cutar da ke jikin masu tsini da masu ɗauke da cuta a zubar da su ta hanyar da ba za su cutar da kowa ba. Gida ukun su ne baƙin bokiti na sharar gida, bokiti mai ruwan ɗorawa da leda a ciki na mai cuta, da kwalin allura mai kauri wanda tsini ba ya hudawa. Ke nan. Amma da aka duba samfurin cibiyoyin lafiya a ƙasashe 24 a 2015, kashi 58 cikin 100 ne kawai suke da tsarin zubar da shara da za a kira isasshe. A Fabrairun 2022 hukumar ta sake cewa cibiyoyi 3 cikin kowane 10 a duniya ba su da halin sarrafa sharar da suke fitarwa a kullum, a ƙasashen da suka fi talauci kuwa 6 ne cikin 10. A lura, wannan jimilla ce ta manya da ƙanana. Babban asibitin koyarwa da ke da sashen kula da muhalli shi ke jan adadin sama, ya rufa wa ƙananan asiri.

A cikin kashi 15 ɗin ma ba duka ne ɗaya ba. Masu tsini, wato allura da reza da wuƙar tiyata da fasasshiyar kwalba, ba su fi kusan kashi 1 cikin 100 na nauyin sharar ba, amma su ne suka fi kowa ta'adi. Dalili a fili yake. Bandeji mai jini sai ya sami ƙofa, ciwo ko tsagewar fata, kafin ya shigar da cuta. Allura ita ke buɗe wa kanta ƙofa. Ana ƙiyasin ana yin allura biliyan 16 a duniya kowace shekara. In aka raba, miliyan 44 ke nan a rana, sama da 500 a kowace daƙiƙa. Kafin mai karatu ya gama wannan jimla an cire dubbai daga jikin mutane, kuma kowace ɗaya sai ta sami inda za ta kwana.

Yanzu ga lambobi uku da nake ganin ya kamata a rubuta su da manyan baƙi a bangon kowane ɗakin allura: 30, 1.8, 0.3. Idan allurar da aka yi wa mai ɗauke da cuta ta soki wani sau ɗaya, yiwuwar ya kamu da ciwon hanta nau'in B tana kaiwa kashi 30 cikin 100, ciwon hanta nau'in C kashi 1.8, ƙanjamau kuwa kashi 0.3. A fassara: cikin mutum 1,000 da irin wannan allura ta soka, har 300 za su iya ɗaukar hanta B, 18 hanta C, 3 ƙanjamau. Gaskiya ne 30 ɗin ita ce ƙololuwa, ta mai cutar da ƙwayar take hayayyafa sosai a jininsa. In ba haka ba takan sauko har wajen kashi 6. Ko a hakan ta ninka ta ƙanjamau sau 20.

Amma je ka tambayi wanda allura ta taɓa soka abin da ya fara faɗo masa a rai. Ƙanjamau ne. Shekaru da yawa na faɗakarwa a rediyo sun dasa wannan tsoro, kuma ba laifi ba ne. Laifin shi ne an bar ɗayan ba a kula shi, alhali a ƙasarmu shi ne ya fi yawa. Babban binciken da aka yi gida-gida a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na manya ne ke ɗauke da ƙanjamau, kashi 1.1 hanta C, hanta B kuwa kashi 8.1. Mu haɗa lissafin biyu. A ƙaddara an sami sukar allura 100,000, kowace allura daga jikin wani baligi da aka ɗauko ba zaɓe, waɗanda aka soka kuma ba su da riga-kafi. Allurai 1,400 za su fito daga masu ƙanjamau, su harbi mutum 4. Allurai 1,100 daga masu hanta C, su harbi kusan 20. Allurai 8,100 daga masu hanta B, su harbi tsakanin 490 da 2,400. Wannan lissafin alli ne a kan allo, na sani. Masu zuwa asibiti ba daidai suke da jama'ar gari ba, kuma allurar da ta kwana a bola ba ta kai wadda aka zare yanzu ƙarfi ba. Sai dai ko a nan ɗin hanta B ce ke da rinjaye, domin ƙwayarta tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana 7, a busasshen jinin da ido ba ya ma gani.

Wa allurar take soka? A ƙiyasin da aka yi wa shekarar 2000, cikin ma'aikatan lafiya kimanin miliyan 35 na duniya, kusan miliyan 3 ne abu mai tsini da ya taɓa jini mai cuta yake raunatawa a shekara, abin da ya jawo kamuwa da hanta B 66,000, hanta C 16,000, ƙanjamau kimanin 1,000. Dubi yadda jerin ya sake fitowa iri ɗaya. Kuma wannan ƙirga ta ma'aikata ce. Ba ta haɗa da ɗan jari-bola da ke tona juji da hannu ba, ba ta haɗa da yaron da ya tsinci sirinji yana zuƙar ruwa yana fesa wa abokinsa ba, ko wanda ya hura safar hannu ya mai da ita balan-balan. A cikin asibitin ma, wanda ya fi kusa da haɗari sau da yawa shi ne wanda ba a kira shi taron bita: dattijuwar da ke shara da asuba da silifas a ƙafa, wadda takan rungumo leda ta danna ta da tafin hannu don ta ƙulle bakinta, da maigadin da aka ɗora wa aikin cinna wuta. Likita ya san jinin wa ke jikin allurar da ta soke shi. Mai shara ba ta sani ba.

Abin takaicin shi ne, cutar da ta fi saurin kamawa ita ce ke da riga-kafi. Allura uku ce, kuma kariyarta ta haura kashi 95 cikin 100. A Nijeriya sai a 2004 ta fara samuwa a jerin riga-kafin jarirai, ma'ana duk ma'aikacin da aka haifa kafin nan bai same ta a goye ba, sai in ya nema da girmansa. Yawancin masu shara da masu gadi a wannan rukuni suke. A ganina, asibitin da ya ɗauki mutum aikin kwashe shara bai yi masa wannan allura ba, ya ci amanarsa tun ranar farko. In kuma tsautsayi ya faɗa, akwai wasu lambobin biyu: 72 da 28. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudu, ba matsawa ba tsotsa, a sanar da shugaban wurin, a fara maganin kariya daga ƙanjamau da wuri, kada ya wuce awa 72, a sha shi kwana 28. Ɓoyewa don kunya ko tsoron faɗa shi ke cinye awoyin.

Ba duka labarin ne baƙi ba. A shekarar 2000 an ƙiyasta cewa allurar da ba ta da tsabta, galibi wadda aka maimaita, ta harbi mutum miliyan 21 da hanta B, miliyan 2 da hanta C, 260,000 da ƙanjamau. Zuwa 2010 adadin ya sauko zuwa miliyan 1.7, da 315,000, da 33,800. Kowanne ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a shekara goma. Cikin abubuwan da suka kawo haka akwai sirinjin da ke kulle kansa bayan amfani ɗaya, wanda hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince tun 1999 a koma gare shi a aikin riga-kafi. Sai dai maganin wata matsala ya haifi wata. Da can sirinjin gilas ne, a dafa a sake amfani da shi, shara kaɗan cuta da yawa. Yanzu kowace allura sirinjinta, an rage cuta a ɗakin allura, an tura nauyin bayan katanga. Kuma inda sirinji na gama-gari ya fita bola lafiyarsa lau, akwai mai tsinta ya wanke ya sake sayarwa. Abin da ya faru a garin Modasa na jihar Gujarat a Indiya a 2009 ke nan, inda ɓarkewar hanta B da aka danganta da maimaita sirinji ta kashe mutane da dama, bincike kuma ya bankaɗo rumbunan da ake tara kayan asibiti da aka yi amfani da su don a mayar da su kasuwa.

Kwalin allura mai cin lita 5 yana ɗaukar sirinji kusan 100. Ƙaramin asibitin da ke yin allura 40 a rana, kwana 6 a mako, zai yi 12,480 a shekara, kwali 125 ke nan, biyu da rabi a mako. Wannan adadi ne da kowane shugaban asibiti zai iya fitarwa daga rajistarsa cikin minti biyar, ya san abin da zai nema kafin ya ƙare. Ƙa'idar kwalin biyu ce. Ba a cika shi ya wuce kashi uku cikin huɗu, domin ragowar sararin shi ke hana tsini leƙowa ya tari yatsan mai jefa na gaba. Ba a kuma mayar wa allura murfinta da hannu biyu kafin a jefa. Wannan ɗabi'a da ake ɗauka tsabta ce tana cikin manyan hanyoyin da ma'aikata ke soke kansu. Kwalin kuma ya zauna inda hannu zai kai daga kujerar allura. In yana ɗaya ɗakin, to allurar za ta jira a kan tire, a kan gado, ko a aljihun riga.

Ita kuwa shara mai laushi, agogo take bi. A ƙasashe masu zafi, in babu ɗakin sanyi, jagorar hukumar ta ce kada ta wuce awa 48 a ajiye lokacin sanyi, awa 24 lokacin zafi. A wajenmu, in ka cire 'yan makonnin hunturu, kusan duk shekara ta awa 24 ce. Ledar da aka ƙulle ranar Juma'a aka ce sai Litinin, a watan Afrilu, ta karya ƙa'ida sau uku, ƙuda da ɓera kuma sun riga kowa sani. A nan al'adarmu ta sauƙaƙa wa ɗakin haihuwa wani nauyi. Littattafan jagora suna ba da shawarar haƙa rami na musamman don mabiyiya, mu kuwa dangi ne ke karɓarta su je su binne da mutunci. Abu ne mai kyau, kada a taɓa shi. Abin da ya rage ga ungozoma shi ne ta miƙa ta a leda biyu ko roba mai murfi, ta gaya wa mai karɓa ya sa safar hannu ko leda in zai wanke, a kuma zurfafa ramin yadda kare ba zai tono ba.

Sai maganar wuta, wadda kowa ya dogara da ita. Lambar a nan ita ce 850. Tanderun da ke ci da zafin digiri 850 zuwa 1,100, kuma yake da na'urar tace hayaƙi, shi kaɗai ne ke iya cika ƙa'idar duniya a kan gubar da ake kira dayoksin. Wutar rami da ta ganga ba sa zuwa kusa da nan, balle in sharar jiƙaƙƙiya ce tana cin-ba-ci. Robar ƙarin ruwa da jakar jini yawanci da robar PVC ake yin su, mai sinadarin kulorin a jiki, kuma ƙona ta a wuta mai rauni shi ne ainihin yadda ake haifar da wannan guba. Ba ta tashi ta ɓace. Takan sauka a ƙasa da ciyawa, ta taru a kitsen dabba, ta dawo ta ƙwai da nono da nama, kuma tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa ta a jerin gubar da ake son rage fitarta, ta kuma ambaci ƙona sharar asibiti cikin manyan mafarinta. Ga wani abin kuma: ƙarfen allura ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,400. Shi ya sa kake ganinsu a toka. Ko wutar ta kashe ƙwayar cuta, tsinin yana nan yana jiran ƙafar da ba takalmi. Fasasshen ma'aunin zafin jiki mai zaiba kuwa kada ya kusanci wuta ko kaɗan, domin zaiba tururi take zama a shaƙa. Dalilin da ya sa ke nan yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta nemi a daina ƙera irinsa.

A nan amfanin rabawa yake sake fitowa. Wanda ya raba, kilo 2 zai ƙona, ya ware robar da bai kamata ta ga wuta ba. Wanda bai raba ba, kilo 13 zai tura wa maƙwabta hayaƙinsa, yawanci kuma tagar ɗakin masu jego ce ta fi kusa da ramin.

To a saya wa kowane asibiti inji? Mu lissafa. Ana ƙiyasta cibiyoyin lafiya matakin farko a Nijeriya da kimanin 30,000, ban da ɗimbin kemis da ake allura a bayan labule. Tanderu 30,000 na zamani, kowanne da mai, da gyara, da ƙwararren mai kula, don kilo 2 a rana, wannan ba lissafin mai hankali ba ne. An gwada ƙananan tanderun bulo, irin wanda aka tsara a Jami'ar De Montfort ta Ingila, sun fi wutar rami nesa, amma sai an ɗumama su sosai kafin a zuba shara, an bi ƙa'idar lodi, an liƙe tsaga da wuri. Inda aka yi sakaci sukan koma ganga mai bututu. Raba 30,000 ga ƙananan hukumomi 774, za ka sami kusan 39 a kowace. Tanderu ɗaya nagari a babban asibitin ƙaramar hukuma, da babur mai ƙafa uku da akwati mai murfi yana zagaye, ya fi 39 da ba sa aiki. Indiya ta bi wannan hanya a dokarta ta 2016: asibitin da ke da cibiyar sarrafa shara ta haɗaka a cikin tazarar kilomita 75 ba a yarda ya gina tasa ba, dole ya miƙa. Hanyoyinmu na karkara da damina ba za su bari a kwafi wannan tsaf ba, kuma awa 24 ba ta jiran mota. Amma kwalin allura da aka rufe bakinsa ba ya ruɓa. Zai iya zama a ɗaki mai kulle har ranar da aka zo karɓar rahoton wata ko kawo maganin riga-kafi, ya bi motar ya koma. Da wannan kaɗai an raba unguwa da kashi 1 ɗin da ya fi kowanne cutarwa.

Mai laushin da ba za ta jira ba, in akwai wuta ko gas, tukunyar tururi mai matsi tana kashe cutarta a digiri 121 cikin kusan rabin awa, ba hayaƙi. In babu, sai rami mai kariya: nesa da rijiya da aƙalla mita 50, gindinsa ya tsaya kamar mita 2 sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa, a kewaye shi, a rufe kowane zubi da ƙasa a ranar. A garin da ake samun ruwa a gaba biyu ko uku da damina, sharaɗin mita 2 ɗin ba ƙaramin abu ba ne, a tambayi masu haƙar rijiya kafin a sa diga.

Annobar korona ta nuna yadda ƙaramin abu ke zama tsauni. Allurar riga-kafi biliyan 8 na farko sun bar shara tan 144,000 ta sirinji da allura da kwalaye. Raba ka gani: giram 18 kacal kowace allura. Duk wani gangamin riga-kafi da za a kawo ƙauye, na ƙyanda ne ko na sanƙarau, da irin wannan giram ɗin yake zuwa, kuma ya kamata a tambayi masu shirya shi tun kafin su sauke kaya: wa zai kwashe kwalayen, yaushe, zuwa ina?

Doka ba ita ce ta yi ƙaranci ba. Tun bayan da aka jibge dubban tan na guba daga Italiya a garin Koko a 1988 Nijeriya take kafa dokokin shara mai haɗari, ga kuma hukumar kula da muhalli ta NESREA tun 2007. Kuɗi ma akwai ɗan abin da za a fara da shi, domin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya matakin farko, wani ɓangare yana shiga asusun cibiyoyin da aka zaɓa kai tsaye don hidimar yau da kullum. Bokiti mai murfi, ledoji masu launi, safar hannu mai kauri da takalmin roba na mai shara, da kwaɗon ɗakin ajiya, duk ba su fi ƙarfin wannan asusu ba. Abin da na lura shi ne fenti da labule sukan riga su shiga lissafi, saboda su baƙo ke gani.

Mai karatu, ranar da ka raka iyali awo ko ka kai yaro riga-kafi, leƙa ɗakin allura ka ƙirga mazuban shara. In ba su kai uku ba, ka tambayi shugaban wurin dalili cikin ladabi, ko ka kai maganar gaban kwamitin lafiya na mazaɓarku. Ka kuma tambaye shi ko baiwar Allahn da ke share ɗakin ta karɓi allurarta uku ta ciwon hanta.